Batir da Rediyon Mota a Ƙasar Bangi: Tarihin Wutar da Ta Riga Turakun Lantarki Zuwa

Ƙasar Bangi tana kudu maso gabas da Madawa, cikin jihar Tawa, tana maƙwabtaka da ƙasar Sakkwato ta Nijeriya, kuma mutanenta, kamar sauran ƴan'uwansu na Buza da Keita, manoma ne da makiyaya da ƴan ci-rani, masu noman hatsi da damina, masu noman albasa a fadamun Tarka da rani. To, a wannan ƙasa, tun shekaru masu yawa kafin a kafa turken lantarki ko guda ɗaya a mafi yawan ƙauyukanta, akwai wata irin wuta da ta riga ta shiga zaure da rumfar kasuwa da masallaci, wadda ba hukuma ce ta kawo ta ba, ba kuma wani kamfani ya yi mata lissafin wata-wata ba, watau wutar batirin mota da aka raba da motarsa, aka haɗa shi da rediyon da shi ma aka cire daga tasa motar. Abin da nake nufin tabbatarwa a nan shi ne, wannan haɗi, wanda mai wucewa zai gani ya raina, shi ne makarantar farko da talakawan Adar da Gobir Tudu suka koyi ilmin lantarki a cikinta, kuma a kan harsashinsa aka gina duk abin da ake gani yau na faifan hasken rana a kan rufin ɗakuna.

A zamanin kakanni labari ba ya tafiya sai da ƙafa. Fatake ke kawo shi daga Ƙonni ko Maraɗi ko Agadas, a baje shi ranar kasuwa tare da haja, sanƙira ya ɗauki na sarki ya kewaya gari da shi, maroƙa kuma su adana na dā a cikin kirari. Sa'an nan a cikin ƴan shekaru kaɗan al'amari ya juya: Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan a watan Maris na 1957, Rediyon Nijar ya buɗe a Yamai a 1958, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma a wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar, wadda ke tara mutanen ƙauye su saurari shiri, su yi muhawara a kansa, a ɗauki muryarsu a mayar Yamai. Dukan wannan kuwa da bai yi wa baƙauye wata fa'ida ba in da ba domin ƙaramin abin nan da ake kira taransista ba, wanda aka ƙago a Amurka a 1947, wanda ya sa akwatin rediyo ya ƙanƙance har ya zama abin ratayawa a kafaɗa, yana aiki da ƙananan batura huɗu ko shida maimakon ya jira wutar gari.

Amma ƙananan baturan nan su ne asalin damuwa. Kowannensu bolt ɗaya da rabi yake bayarwa, in ya ƙare kuwa ya ƙare ke nan, sai a sayi wani, alhali manomi ba ya ganin kuɗi a hannu sai da kaka ko bayan an kwashe albasa. Duk wanda ya girma a wancan zamani ya san dabarun da aka yi ta yi don a ƙara musu kwana, a shanya su a rana, a ɗan daddaka su da dutse, a gama tsoho da sabo, ko da yake ribar da ake samu ba ta wuce ta labarun dare ɗaya ba. Da ƴan ci-rani suka fara komowa daga Abijan da Kumasi da Legas ɗauke da rakoda mai cin kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da kaset ɗinta a 1963, sai matsalar ta ninka, domin rakoda tana da ɗan inji mai juya zare, shi kuwa juyi yana shan wuta fiye da magana nesa ba kusa ba. Saurayi ya dawo gida da abin alfahari, ya yi mako guda yana tara jama'a a ƙofar gidansu, sa'an nan muryar mawaƙi ta fara ja tana kauri, har ta tsaya, rakoda ta koma adon ɗaki an lulluɓe ta da ƙyalle. Lalura ce ta wannan iri ta juya hankalin mutane zuwa ga baƙin akwatin da ke ƙarƙashin murfin mota.

Ya kamata a ɗan tsaya a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kamar yadda malamai ke kawo isnadi kafin matani. Wani masani Bataliye, Alessandro Volta, shi ya fara harhaɗa batir a 1800, daga sunansa ne aka samo ma'aunin nan na bolt. Batirin dalma da ruwa mai ƙuna, wanda ake iya sake cikawa bayan ya zube, Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, kuma abin mamaki, har yau a kan usulinsa ake ƙera na mota, ɗakuna shida a jere, kowane ɗaki yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya, jimla sha biyu da ɗan abin da ya hau. Rediyon mota kuwa, kamfanin Galvin na Amurka ya yaɗa shi a kasuwa a 1930 da sunan Motorola, Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa a 1932. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya taɓa jin sunan Bangi, balle ya yi tunanin cewa wata rana za a aza ƙirarsa a kan jaki. Amma hikima, kamar yadda aka sani, ba ta da ƙabila, inda duk aka tsince ta sai a ɗauka.

Mota ce ta kawo kayan, sai dai ta kawo su sannu a hankali. Babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram ta ratsa Madawa, manyan motoci na ɗaukar albasa zuwa kudu, kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 404 da 504 suka cika tashoshin iyaka ta kowane ɓangare. A wannan shekara ta 1975 ne ƙungiyar CARE ta soma dashen layukan dogon-yaro a kwarin Majiya na ƙasar Buza don tare iska, a shekarar farin 1984 kuma babban aikin raya karkara na Keita ya zo da taimakon Italiya, da motocinsa da manyan injunansa da makanikansa. Daga baya tsofaffin motocin Turai suka riƙa shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, musamman bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sa'ad da sabon kaya ya fi ƙarfin kowa. Ko'ina mota ta tsufa ko ta yi haɗari, ana fiɗe ta a garaji har ƙusa, rediyonta, Pioneer ne ko Sony ko Blaupunkt, ya koma teburin ƴan gwangwan. Ko'ina kuma direba ya sake batir, tsohon ba ya kwana a bola.

A nan ne ainihin basirar take, kuma ya kamata a fahimce ta sosai. Tayar da injin mota yana bukatar wuta mai tsananin yawa cikin daƙiƙa kaɗan, amfiya ɗari ko fiye, shi ya sa da zarar batir ya fara rauni direba ke yanke ƙauna daga gare shi. Rediyo kuwa, in ba an ƙure muryarsa ba, amfiya ɗaya ko biyu sun wadatar da shi. Saboda haka batirin da ya gaza a wajen direba yana da sauran rai mai tsawo a wajen mai shayi ko tela ko mai gari, kuma wanda ya fara lura da wannan bambanci, ko wane ne shi, makanike ko yaron mota, ya yi ijtihadin da ya amfani dubban gidaje ba tare da an rubuta sunansa ko'ina ba. Rediyon mota ya fi na hannu dacewa da wannan aiki ta fuskoki da dama, domin dai da ma don bolt sha biyu aka ƙera shi, jikinsa ƙarfe ne mai jure ƙura da girgiza, muryarsa kuma tana iya cika dandali in an samo masa lasifika mai kyau, aka dasa ta cikin akwatin katako, ko ma cikin tulu ko tsohuwar jarka, don sautin ya yi kauri.

Haɗin kansa yana da sharuɗɗa waɗanda masu sana'ar suka haddace kamar yadda almajiri ke haddace farillan alwala, ko da yake ba a littafi suka same su ba, a ƙonewar kaya suka same su. Tsofaffin rediyoyi masu maɓallin murɗawa ba su da wuya, waya ɗaya ce ke kai wuta daga kan batir mai alamar tarawa, jikin ƙarfen kuma a haɗa shi da kan mai alamar ɗebewa, tun da yake a cikin mota ma gangar jikinta ce ke mayar da wutar. Da na zamani masu lambobi suka zo, sai aka tarar da wayoyin wuta biyu, a mafi yawansu rawaya da ja, ga kuma baƙa ta komawa. Rawayar ita ce ke riƙe da wuta dare da rana don kada rediyo ya manta tashoshinsa da agogonsa, jar kuwa tana jiran a murɗa mabuɗin mota ne kafin ta ba da izinin kunnawa. Inda babu mota babu mabuɗi, sai a murɗe su biyu wuri guda a kai su kan tarawa, ko kuwa mai lura ya sa ɗan makunni a kan jar don ya tsaya a matsayin mabuɗin. Wanda bai san wannan mas'ala ba yakan haɗa ɗaya ya bar ɗaya, rediyo ya yi shiru, ya ɗauka an sayar masa da matacce, kuma rigingimu da yawa tsakanin mai saye da mai sayarwa daga nan suka samo asali.

Sauran sharuɗɗan na kiyaye asara ne. Wanda ya juya kawunan, ya kai tarawa wurin ɗebewa, yana iya ƙona rediyo cikin ƙiftawar ido. Wanda ya ɗebo wuta daga batura biyu na babbar mota da aka jera suka zama bolt ashirin da huɗu, shi ma haka. Wayoyin lasifika ba a bari su taɓa juna ko su taɓa jikin ƙarfe. Sa'an nan ga fis, ɗan ƙaramin abu mai amfiya goma a galibin rediyoyi, wanda aikinsa shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi, kuma a ganina babu wata mummunar al'ada da ta shiga wannan sana'a kamar ta maye gurbinsa da zaren waya ko takardar ƙyalli ta kwalin taba, domin batirin mota, ko tsoho ne, yana iya mai da waya ja wur in kawunansa suka gamu, a ƙasar da rufin ɗaki da danga duk kara ne da ciyawa. Eriya kuwa waya ce doguwa a kan gora ko reshen dogon-yaro, da dare ya yi sai Kaduna da Sakkwato su shigo a matsakaicin zango kamar a bayan gida suke. Gajeren zango dai yawancin rediyoyin mota ba su da shi, shi ya sa dattijo mai son labarun Landan ko na Jamus bai taɓa rabuwa da ƙaramin akwatinsa na hannu ba, aka raba aiki, na hannu ga labarin duniya, na mota ga kaset da taro.

Sai batun caji, wanda shi ne ya mai da abin sana'a sosai. In an ɗauki batir mai amfiya-awa 60, rediyo kuma yana shan amfiya 2, lissafi zai ba da awa 30, amma gogaggu sun san cewa rabin wannan ne kawai ya halatta a ci, domin batirin mota kamar rumbu yake, wanda ya share shi har da iri ya cuci baɗinsa. Duk lokacin da aka tatse shi ƙarƙaf, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan dalmar, ƙarfinsa ya ragu raguwar da ba ta komowa. Saboda haka bayan ƴan kwanaki sai a aza shi a kan jaki ko amalanke ko bayan keke, a nufi inda ke da wutar gari ko janareta, ko a roƙi direban da aka saba da shi ya ɗaura shi a motarsa ya je ya dawo da shi cike. A shagon mai caji za ka ga batura jere a ƙasa, kowanne an rubuta sunan mai shi da fenti, da boko ko da ajami, an buɗe murafansu suna tafasa a hankali, mai shagon yana hana a matso da taba ko fitila, domin iskar da ke fita daga cikinsu mai kamawa da wuta ce. Sana'a ce ta amana tsantsa, tun da yake mai batir ba shi da ma'aunin da zai gane ko an cika masa ko an rage, sai ya koma gida ya ga kwana nawa zai yi. Mai cajin da ya yi suna da gaskiya kuwa, har daga ƙauyuka masu nisa ake tsallake wasu a zo wurinsa.

Me aka saurara da wannan wuta? Da azumi tafsiri ne, na malaman gida da na Kaduna, inda Shaihu Abubakar Gumi ya yi shekaru yana karantarwa ta rediyo, kuma ba ƙaramin tasiri kaset ya yi ba wajen shigo da muhawarar malamai har cikin zaurukan da ba su taɓa ganin baƙon malami ba, da alherin da ke cikin haka da kuma saɓanin da ya haifar tsakanin uba da ɗa. Da kaka waƙa ce, Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace daga kudu, Ɗan Gurmu na Tawa daga arewa. Tun daga 1975, shekarar da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kwanakin gasar sun zama kwanakin da kowane mai batir ke tabbatar ya cika shi tun da wuri, domin ranar da ɗan jiha zai shiga fili, gari duka a gindin lasifika yake yini. Akwai kuma wani amfani da ya fi waɗannan taɓa zuciya, watau wasiƙar kaset: ɗan ci-rani a Abijan ya yi magana cikin rakoda, ya gai da mahaifiyarsa da matarsa da kowa da sunansa, ya ba mai zuwa gida, a taru da dare a saurara, wadda ba ta iya karatu ba ta ji muryar ɗanta da kunnenta ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Masallatai ma da wannan batir suka fara ɗaga kiran salla, ladan ya huta da hawa katanga.

Kada a ce hukuma ba ta yi kome ba, domin Nijar tana cikin ƙasashen da suka riga wasu tunanin hasken rana. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, kuma a zamanin Seyni Kunce an rarraba talabijin na jama'a masu aiki da faifan rana a garuruwa da dama. A 1999 aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare, shi ma da hasken rana, wasu da yawa suka biyo baya a faɗin ƙasa, zangon FM ya ba rediyon mota sabon aiki. Sai dai kayan hukuma da na ƙungiyoyi, in sun lalace, sukan jira mai gyara daga birni, wani lokaci har abada, alhali na mai shayi, da yake shi ya haɗa abinsa da hannunsa, ba ya kwana biyu a mace. Wannan bambanci shi ne hujjata mafi ƙarfi.

Da faifan rana mai araha ya fara shigowa daga Sin, wayar salula kuma ta bazu tun daga farkon shekarun 2000, mutanen ƙasar nan ba su tarbi abin a matsayin baƙo ba. Sun riga sun san tarawa da ɗebewa, sun san bolt sha biyu, sun san illar tatse batir, abin da ya sauya kawai shi ne jaki ya huta, rana ta karɓi aikin janareta. Jikan mai cajin batir shi ne mai rumfar cajin waya a yau, kaset ya ba katin memori wuri, rediyon mota na yanzu yana karɓar waƙa daga waya ba tare da igiya ba, amma rawaya da ja da baƙa suna nan yadda suke. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, abin farin ciki ne ƙwarai. Duk da haka, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, birane ne suka shiga duhu, baƙauyen da ke da faifansa da batirinsa kuwa ya ji labarin yankewar ne a rediyonsa.

Saura abu guda da ba ya halatta a rufe baki a kansa, shi ne makomar batirin da ya mutu mutuwar ƙarshe. Dalmar da ke cikinsa guba ce mai taruwa a jiki, ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana dakushe ƙwaƙwalwa tun kafin a ga alamar ciwo, ruwansa kuma yana ƙona fata, yana makantar da ido. A unguwar Thiaroye ta gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Yanzu da batura suka yawaita a ƙauyukanmu fiye da kowane zamani, haɗarin ya matso kusa, kuma wanda ya fasa batir a tsakar gida, ko ya narka dalmarsa a inda ake girki, ko ya zubar da ruwansa kusa da rijiya, ya ɗauki alhakin da bai san girmansa ba.

Saboda haka ina kira ga mahukuntan Bangi da Madawa da Buza da Keita, da sarakuna da limamai da masu rediyon karkara, su tara masu wannan sana'a su ji ta bakinsu, a buɗe musu horo a cibiyoyin koyon sana'a don ilmin da suka samu da gwaji ya sami ƙa'ida, a ware wuri a bayan kowace kasuwa inda za a riƙa karɓar mataccen batir ba tare da an fasa shi ba. Kai kuma mai karatu, in kana da irin wannan haɗi a gidanka, duba fis ɗinsa yau, ka ɗaga batirin daga inda yara ke wasa.